Albashin Wadda Ba Ta Haihu Ba

Sau uku wayar ɗakin mata na asibitin ta yi ƙara da safiyar Talatar nan, kuma duk ukun Kedibone ake nema. A na ukun Sista Motlhabi, shugabar ɗakin, ba ta ko kira sunanta ba. Ta ɗaga kan wayar sama kawai, ta kalle ta ta saman tabarau.

Kedibone ta ajiye tsumman da take goge wa wata tsohuwa jiki, ta je ta karɓa. Muryar wata yarinya ce, siririya, mai irin ladabin da ake koyarwa a ofis.

"Da Kedibone Seleka nake magana? Daga banki ne, kan bashin a-kori-kurar nan, Madam. Wata uku ke nan ba mu ga ko rand ɗaya ba."

"Na gaya muku motar tana hannun ƙanena."

"Mu dai sunanki muka sani."

Da ta ajiye, Sista Motlhabi ta matso kusa da ita ta rage murya. "Shekara ashirin da biyu muna aiki tare, ban taɓa jin an kawo ƙararki ba. Amma wayar nan ta likitoci ce da 'yan uwan marasa lafiya. Ki ba mutanen nan lambarki."

"Suna da ita, Sista. Kashewa na yi."

Shekara biyu ke nan da ta sa hannu a takardar motar. Mme, mahaifiyarsu, ita ta biyo bas tun daga ƙauyensu na Taung har birnin Klerksdorp, ta zauna a bakin gadonta tana kuka, wai ƙanenta Olebile ya gaji da zaman banza, idan ya samu mota zai riƙa ɗaukar yashi da bulo da ruwa, shi zai riƙa biyan banki duk wata. Ita aron suna kawai za ta ba shi, tunda ita ce mai takardar albashi. Ya biya wata huɗu. Daga nan banki ya koma cira a asusunta, har ranar da ya zo cira bai tarar da komai ba.

Da aka tashi shan shayi ta fita bayan ɗakin wanki, ta kunna wayarta ta kira shi. Ta ji kiɗa da hayaniyar maza kafin muryarsa.

"Ausi, babbar yaya. Ke nake tunani yanzun nan."

"Olebile, har wurin aiki suke kirana."

"Ki ƙyale su, haushi ne kawai, ba sa cizo. Kwangilar yashin nan ce ba a biya ni ba. Ƙarshen wata zan turo miki gaba ɗaya, har da na sayen nama."

"Haka ka ce a watan Maris."

"To ni na riƙe kuɗin? Ki yi haƙuri mana. Ke kin fiye sa abu a rai, shi ya sa jininki ke hawa."

Ƙarshen wata ya zo, abin da ya zo da shi daban. A takardar albashinta ta ga wani sabon layi: umarnin kotu, a cire rand dubu biyu da ɗari tara duk wata, a ba wani kamfanin bashi da ba ta taɓa jin sunansa ba. Ta je ofishin albashi, magatakarda ya buɗe mata fayil. Bashin rand dubu sittin, an ci shi ta waya bara a watan Satumba. Ga kwafin katin shaidarta, ga takardun albashinta na wata uku. Sammacin kotu an kai shi adireshin ƙauye, wani ya sa hannu ya karɓa.

Watan Satumba na bara ne aka kai shanun auren Olebile. Ta tuna yadda aka riƙa yabonsa, yaron da ya tsaya da ƙafarsa.

Ranar Asabar ta hau bas zuwa Taung. Tun daga bakin hanya ta hango motar, fara tas, an wanke ta, an rubuta sunan Olebile a jikin ƙofa da jan fenti. An yi wa gidan sabuwar baranda, an shimfiɗa tayil har bakin ƙofa. Matar Olebile na zaune a falo gaban wani talabijin da ya kusa cika bango, ta gaishe ta ba tare da ta rage sauti ba. Shi kuwa maigidan an ce ya fita da ƙafa, bai daɗe ba.

Ta tarar da Mme a kicin tana tuƙa tuwon masara. Ta ajiye takardar a kan tebur.

"Mme, wa ya ba shi takarduna? A akwatinki na bar su."

Mme ta ci gaba da tuƙi. Sai da ta rufe tukunya ta juyo.

"Ni na ba shi. Mutanen yarinyar sun ce ko a kawo shanu ko su ba wani. So kike a yi wa gidan ubanku dariya?"

"Me ya hana ku tambaye ni?"

"Da kin yarda?"

Kedibone ta mai da ido kan takardar da ke tebur.

"Kin gani," in ji Mme. "Ni ban ga abin tashin hankali ba. Ba waje kuɗin suka fita ba, a gidan nan suke. Ke ba miji, ba ɗa, ba jika. Gwamnati na zuba miki kuɗi duk wata, wa za ki tara wa? Shi ne zai riƙe sunan gidan nan. 'Ya'yansa ne za su binne ki."

Ta faɗi maganar ba da faɗa ba, kamar mai gaya wa mutum farashin gari, sannan ta zuba mata tuwo da kabeji ta tura mata. Kedibone ta ci loma biyu don kada a ce ta yi fushi. Har ta hau bas ɗin yamma Olebile bai dawo ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ta saki gidan haya mai ɗaki biyu da ta yi shekara tara a ciki, ta koma wani ɗakin kwano a bayan gidan wata mata a unguwar Jouberton, famfo da bayi a waje. Ta sayar da firji da kujeru. Ta daina biyan kuɗin inshorar lafiya. Ta daina shiga bas da safe, tana tafiyar awa ɗaya da kwata a ƙasa da fararen takalman aiki a jaka don kada su ci ƙura. Lokacin cin abinci sai ta ce tana azumin coci, ta je ta zauna bayan ɗakin wanki da burodi da ruwan shayi. Ta fita daga adashen matan asibiti, ba wadda ta tambaye ta dalili, don kowa ya ji wayar nan tana ƙara. Takardar neman bashin gida da ta cika, ɗan ƙaramin gida mai ɗaki biyu da ta yi shekaru tana zuwa kallonsa a sabuwar unguwa, ta dawo da amsa layi ɗaya: sunanta yana cikin jerin masu taurin bashi.

Sista Motlhabi ce ta rubuta mata adireshin wani mai sasanta bashi a bayan takardar magani. Sunansa Rre Moilwa, wato Malam Moilwa a yarensu, dattijo ne mai furfura, ofishinsa na saman wani shagon takalma. Ya baje takardunta a tebur ya daɗe yana dubawa, yana tsaki a hankali.

"Hanyoyi ne a gabanki, kuma babu mai daɗi," ya ce. "Kina iya zuwa kotu a ayyana cewa kin karye. Amma wannan sai mai kadarar da za a sayar a raba wa masu bin sa, ke kuwa ban ga abin da kika mallaka ba, kuma tabon yana daɗewa. Ta biyu ita ce aikina: in tara basussukan duka, a rage abin da kike biya duk wata, a tsawaita lokaci, kotu ta sa hannu. Za su daina kiranki. Amma daga ranar ba za ki iya cin bashin ko cokali ba sai kin gama."

"Shekara nawa?"

"Yadda abin yake yanzu, bakwai." Ya ɗaga takardar dubu sittin ɗin. "Wannan ba ke kika ci ba. Idan kika kai ƙara wurin 'yan sanda, kika yi rantsuwa, muna iya yaƙi a cire miki shi."

"Shi kuma fa?"

"Shi kuma zai amsa tambaya."

Ta girgiza kai. Ita ta goya Olebile. Ita ta riƙa wanke masa ƙurajen kai lokacin Mme na aikin gonar Turawa.

"Na san za ki ce haka," in ji Rre Moilwa. "Goma nake gani irinki a wata, ɗaya ce ke zuwa wurin 'yan sanda. To saura motar. A takarda taki ce. Kina da ikon miƙa wa banki ita, su yi gwanjonta, su rage kuɗin daga bashin. Bakwai ta koma huɗu."

"Da ita yake ci."

"Ke da me kike ci, 'yar uwa?"

Ta sa hannu a takardar sasantawa, ta ce maganar mota a ba ta lokaci. Ya miƙo mata almakashi ta yanka katunan bashinta da hannunta.

Da labarin motar ya kai ƙauye, aka kira taro. Kawunsu, Malome Pitso, ƙanin Mme, shi ya zauna a babbar kujera da hularsa a gwiwa. Olebile ya zauna a gefe yana juya makullin motar a yatsa.

"Kedibone," in ji Malome, "an ce kin kwashi asirin gida kin kai wa wani baƙo a saman shagon takalma."

"Malome, ba ni da abin da zan ci."

"Wa ya taɓa ganin ma'aikaciyar gwamnati da yunwa? Yaron nan bai ce ba zai biya ba. Ka ce ba za ka biya ba?"

"Ni ban ce ba," in ji Olebile. "Ita ce ba ta da haƙuri. Kuma tsakani da Allah, Malome, wa ke kai Mme asibiti? Wa ke gyara rufi idan iska ta yaye? Ita tana can birni, sai dai ta turo kuɗi. Ni nake ɗauke da gidan nan a wuyana. In za a yi lissafi, ita ce da biya."

Mme ta share ido da bakin zane. "Ban taɓa zaton zan haifi 'yar da za ta auna ɗan uwanta da kuɗi ba."

Kedibone ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya tana neman inda za ta ajiye ido, ba ta samu ba. Ta ce ta ba shi wata uku. Ko rabin kuɗin motar ya riƙa biya, za ta bar masa ita. Malome ya ce magana ta yi kyau, aka yi addu'a, aka kawo shayi.

A wata na farko ya turo rand ɗari takwas, ya kira Malome ya gaya masa, ya kira Mme, ya kira ita kanta sau biyu ya ji ko ta gani. Na biyu ya ce taya ta fashe. Na uku bai ɗauki waya ba.

A cikin wata na huɗu ne ta faɗi. Tana tura keken magani a tsakiyar ɗaki, sai ta ga gadaje sun juya, ta farka a kan ɗaya daga cikinsu, Sista Motlhabi na ɗaura mata abin awon jini. Likita ya ce ta yi sa'a, da jinin ya ƙara hawa kaɗan da ɓarin jikinta ya shanye. Aka kwantar da ita kwana biyar a gado na ƙarshe, kusa da taga, a ɗakin da ta yi shekaru tana share wa wasu hawaye.

Ƙarfe uku na rana ake buɗe ƙofa ga masu dubiya. Ta san lokacin fiye da kowa, don ita ke buɗewa da. Sukan shigo da ledojin lemo da kwanukan abinci da jarirai, kowane gado ya cika da mutanensa. Ita takan juya fuska ga taga ta yi kamar tana barci. Sista ta aika saƙo ƙauye tun ranar farko. Daga Taung zuwa nan tafiyar awa uku ce a mota, kuma akwai mota.

A rana ta huɗu wayarta ta yi ƙara. Mme ce.

"An ce ba ki ji daɗi ba. Sannu. Ki rage tunani, kin ji? Ni ma ƙafar nan ta hana ni sakat." Ta ɗan tsaya. "Wutar gidan ta ƙare tun jiya. Ko ta ɗari biyu ce ki sa mana."

"To, Mme," in ji Kedibone.

Ta sa musu ta ɗari, iyakar abin da ke wayar ke nan. Ta kwanta tana kallon silin har aka kawo abincin yamma. Ba ta yi kuka ba. Wani abu ne ya kwanta a ƙirjinta ya yi sanyi.

Ranar da aka sallame ta ba ta wuce gida ba. Ta hau matakalar shagon takalma tana hutawa a kowane hawa biyar, ta ce wa Rre Moilwa ya kawo takardar motar.

Bayan mako biyu mutanen banki suka je Taung da babbar motar ja. An ce rabin ƙauyen ya fito kallo. An ce Olebile ya kwanta a gaban taya sai da maƙwabta suka ɗaga shi. Da yamma Mme ta kira, muryarta a bushe.

"Kin ji daɗi yanzu? Kin tsiraita ɗan uwanki a gaban mutane. Daga yau ɗa ɗaya na haifa."

Ta kashe kafin Kedibone ta buɗe baki.

Haka aka yi. Kirsimeti ta zo, ba wanda ya kira. Ta karɓi aikin ranar a madadin wata mai 'ya'ya, ta ci shinkafar asibiti a tsaye. Matar Olebile ta haihu, a bakin wata 'yar ƙauyensu da ta zo awo ta ji. Kirsimeti ta biyu da ta uku ma a wurin aiki suka same ta. Duk wata kuɗi na fita sau ɗaya zuwa inda kotu ta ce, ta riƙe ragowar tana lallaɓawa. Wayar ɗakin mata ta daina nemanta, tata ma ta daina ƙara, har takan duba ta ga ko ta lalace.

Shekara huɗu da wata biyu, Rre Moilwa ya miƙa mata takardar shaidar cewa ba wanda ke bin ta komai. Ya ce za a goge sunanta daga jerin. Ya ba ta shawara ta buɗe ɗan ƙaramin asusu a kantin tufafi, ta sayi abu kaɗan, ta biya kan lokaci, bayan shekara ɗaya banki zai sake kallonta da mutunci. Ya miƙe ya ba ta hannu. Ta sauko ta tsaya a bakin titi da takardar, tana tunanin wa za ta gaya wa. Ta sayi soyayyar kaza da dankali, ta tafi ɗakinta ta ci ita kaɗai a bakin gado.

Gidan da ta so an daɗe da sayar da shi. Shekarunta sun haura hamsin, banki ya ce abin da ya rage mata na aiki ba zai ɗauki bashin gida ba. Ta kama hayar ɗaki da falo mai famfo a ciki, ta sayi firji da kuɗi hannu.

Wata ranar Lahadi da hantsi ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Olebile ne, ya yi ƙiba, bayansa ga motar haya, a ciki ga Mme an jingine ta da filo, bakinta ya karkace, hannun hagu a sake.

"Ausi," ya ce yana kallon ƙasa, "shanyewar ɓarin jiki ce, sati uku ke nan. Matata ba za ta iya ba, ga yara. Ke ce kika san aikin. Abin da ya wuce ya wuce, mu ai mun yafe."

Ya taimaka aka shigo da ita, ya ajiye jakar kayanta da katin fanshonta, sannan ya sake ɗaukar katin ya sa a aljihu, wai shi ya san lambar, zai riƙa turowa. Ya ce zai dawo Asabar. Kuɗin motar haya ma ita ta biya.

Kedibone ta bar wa Mme gadon, ta koma kan katifa a falo. Da safe ta yi mata wanka, ta canza mata shimfiɗa, ta shafa mata mai a baya don kada ya yi gyambo, ta ba maƙwabciya kuɗi ta riƙa leƙa ta har a taso aiki. Da sannu maganar Mme ta fara dawowa. Abu na farko da ta nema shi ne a juya mata gado ya kalli taga, ta riƙa ganin titi.

Asabar ta wuce, wata ta wuce, watanni biyar suka wuce. Katin fansho bai turo komai ba.

Wata yamma Kedibone na ba ta kunu a cokali, wata farar a-kori-kura ta wuce a titi. Mme ta bi ta da ido har ta ɓace, sannan ta juyo ta dubi 'yarta, ba fushi a fuskarta, sai tausayin wani da ba ya nan.

"Yaron nan yana son zuwa," ta ce da harshe mai nauyi. "Na san shi. Da ba ki raba shi da motarsa ba, da kullum yana nan."

Kedibone ta riƙe cokalin a iska. Ta ji maganganun shekara bakwai sun taso mata har baki, kowace da ranarta da adadinta. Ta dubi bakin da ya karkace, da kunun da ya gangaro a haɓa. Ta sa tsumma ta goge shi.

"Buɗe baki, Mme," ta ce. "Zai huce."

Irin su Kedibone suna da yawa, kuma ba a gane su a hanya. Suna sanye da fararen kaya ko rigar koyarwa, suna gaisawa da fara'a. A gidajensu ba a kiran abin da aka yi musu sata, taimako ake ce masa. Banki ya karɓi nasa har da ruwa, ya ba ta takarda cewa ta fita. A gidan da aka ci kuɗin kuwa, har yau ita ake jira ta ba da haƙuri.